Ranar da Katako Ya Ƙi Baba

Tun da Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa, duk wanda ya shigo gidan da labarin ƙyaure yake zuwa. Wannan ya ce shi ya sa masa na shago, wancan ya ce na ɗakin mahaifiyarsa har yau bai taɓa cijewa ba, ko da damina ko da rani. Auta, ƙaramar 'yarsa, wadda ta yi jinyarsa har ƙarshe, takan saurara ta ce Allah sarki, an gode. Amma can cikin ranta haushi take ji. A ce mutum ya haura shekara saba'in a duniya, ya haifa, ya rena, ya yi raha, ya yi rigima, sannan abin da za a riƙa tunawa da shi katako ne? Sai gida ya watse, ta zauna ita kaɗai, sannan take yarda mutanen ba su yi ƙarya ba. Ita ma idan ta rufe ido, da guntun fensir a bayan kunne take ganinsa.

Ba gadon kafinta ya yi ba. Yana saurayi ya shigo gari da riga ɗaya, ya samu aikin dakon katako a layin masu sayar da shi. Idan ya sauke kaya a rumfar wani kafinta, maimakon ya juya sai ya tsaya yana kallo, har a kore shi. Tun ana korarsa har aka gaji aka miƙa masa samfefa, takardar goge katako. Daga nan ya fara ƙera benci, ya koma kujera da gado da akwati, har ya buɗe tasa rumfar ta kwano a ƙarshen layin. Da ya kai tsakiyar shekarunsa sai ya tattara sauran ayyukan ya bar wa wasu, ya tsaya a kan ƙyaure kaɗai. Ya ce kujera ko ta karkace mutum zai zauna, amma ƙyaure idan ya ƙi rufuwa mai gida ba zai yi barci ba.

Shi ya sa a gidan nasa babu kujerar da ba ta rawa. Umma, matarsa, wadda yake kira Manaja don ita ke juya gidan, ta yi mita har bakinta ya gaji. Takan ce, "Ni dai na auri kafinta, amma a kan bokiti nake zama." Ya ce, "Manaja, bokitin ya taɓa kayar da ke?" Ƙofofin gidan kuwa, da ɗan yatsa za ka tura su, su tafi shiru su rufe kansu.

Kuma abin ya zame masa ciwo. Ba ya iya shiga gidan mutum bai kama ƙyaure ya kaɗa shi ba, ya karkata kai yana saurare. Akwai ranar da ya je duba wani amininsa da ke kwance da zazzaɓi. Ko sannu bai gama yi ba ya ji ƙyauren ɗakin yana jan ƙasa. Kafin matar gidan ta kawo masa ruwa ya kwance shi, ya ɗora a ka, ya yi rumfa da shi. Mara lafiya ya kwana da labule, sanyi ya ƙara masa da mura. Har suka tsufa mutumin nan bai daina cewa Kafinta ya zo dubiya ya tafi da ƙofa ba, shi kuwa Baba ya ce ai ya dawo da ita ta fi da lafiya.

Cikin kayan aikinsa akwai wanda ya fi ji da shi, wato abin share katakon nan na hannu da kafintoci ke ce wa filen. Nasa tsoho ne, mariƙinsa ya yi baƙi ya yi santsi, har ya ɗauki shatin yatsunsa. Kullum da safe, kafin ya kurɓi shayi, sai ya zare wuƙar cikinsa ya wasa ta a kan dutse, sannan ya gwada kaifin a gashin hannunsa na hagu. Saboda haka hannun nan ya rayu ba gashi, tas kamar na jariri. Idan ya mayar da wuƙar ya ɗan ƙwanƙwasa ta, ya kanne ido ɗaya ya leƙa, sai ya ɗora a kan katako ya tura. Za ka ji wani shuu mai tsawo, ɓawon katako ya fito yana nannaɗewa, siriri har kana hango haske ta cikinsa. Da wannan ɓawon 'ya'yansa suka yi wasa. Auta ta yi 'yan kunne da shi, Yaya, babban ɗansa, ya yi gemu.

Wata ɗabi'a yake da ita wadda duk layin an san shi da ita: bai taɓa zagin kayan aiki ba. Wasu kafintocin idan aiki ya cije sai su yi jifa da guduma, su tsine wa zarto da wanda ya ƙera shi. Shi ko kusa. Yakan ce, "Ƙarfe bai san komai ba. Idan aiki ya ɓaci, dubi hannunka." Ba a rumfa kaɗai ya tsaya da wannan ba, har gida ya shigo da shi. Ranar da Yaya ya faɗi jarrabawa ya zo yana cewa biro ne ya ƙi rubutu, Baba ya karɓi biron, ya duba shi sama da ƙasa, ya ba shi haƙuri a madadin ɗansa. Duka kuwa ba ya yi. Idan yaro ya yi laifi, guntun katako zai miƙa masa da samfefa, ya ce goge har ranka ya yi sanyi. Auta, da yake Allah ya yi ta da baki, ta goge katakon da zai isa a yi wa makaranta benci.

Haka ya rena su, ba da wata dukiya ba. Yakan dawo da yamma da garin katako a gira da gashin baki, ya tsaya a tsakar gida Umma ta kakkaɓe shi da tsumma tana faɗa, shi kuwa yana jujjuya mata jiki yana dariya. Yaya ya girma ya zama direban babbar mota, sauran suka yi aure suka watse garuruwa. Auta ta zama tela, ta kafa kekenta a ɗakin da ke kusa da na iyayenta. Ba wanda ya gaji rumfar, kuma Baba bai taɓa nuna abin ya dame shi ba.

Mantuwar a hankali ta shigo. Da farko awo ne, ya auna ƙofa ya dawo ya rasa abin da ya auno. Sai hanya: wata rana ya tashi daga rumfa ya nufi gidan hayar da suka bari tun Auta tana goye, ya tsaya yana sallama. Daga nan sunaye suka fara zubewa. Ranar da ya miƙe ya ba Yaya kujera, ya ce masa "Maigida, wane aiki ake so?" Yaya ya fita waje ya jingina da motarsa ya yi kuka, ƙato da shi. Likita ya yi musu bayani a tsanake. Ya ce ciwon tsufa ne da ke cin ƙwaƙwalwa, ba shi da magani, gaba zai yi ta yi ba baya ba. Suka tambaya to me za su yi. Ya ce haƙuri, da sa ido.

Aka rufe rumfa. Yaya ya kwaso teburin aikin da akwatin kaya ya ajiye a inuwar tsakar gida, don dai kada a bar su ga ɓarayi. Baba ya koma zaman kujera. Yini guda yana kallon bango, a ba shi abinci ya ci, a ce ya tashi ya tashi. Auta takan bar ɗinki ta zo ta zauna kusa da shi tana ba shi labari, shi kuwa ya dube ta da irin kallon da ake yi wa wanda aka taɓa gani a mota. Wannan kallon ya fi komai ci mata rai. Gara a ce kwance yake yana nishi, ta san inda ke masa ciwo ta shafa.

Wata safiya ta fito ta ga ɗakin girki a wangale, ba ƙyaure. Ga shi can kwance a kan teburin, Baba ya duƙufa a kansa, shuu, shuu, ɓawon katako yana zuba a ƙafafunsa. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ya ce, ko ɗagowa bai yi ba, "Auta, riƙe min can, kada ya zame."

Rabon da ya kira sunanta an yi watanni. Ta riƙe.

"Ya ɗinkin? Matar nan mai ƙorafi ta karɓi rigarta?"

"Ta karɓa, Baba."

"Ta dai sake dawowa, na san halinta." Ya ɗaga murya. "Manaja, yau ba shayi ne, ko an kore ni daga aiki?"

Umma ta fito da ludayi a hannu ta tsaya cak. Sai ta ce, "Ka cire min ƙofa kaji su shiga, sannan ka nemi shayi?" Ta koma ciki da sauri, don kada ya ga fuskarta.

Daga ranar suka gane. Muddin filen yana hannunsa yana cin katako, Baba yana gida: ya san kowa, ya tambayi jikoki, ya tsokani Umma. Da zarar ya ajiye, kafin gumin goshinsa ya bushe, ya sake tafiya. Saboda haka suka bar shi. Kullum sai ya sami ƙyauren da ya ce yana cijewa, ya kwance, ya share, ya mayar. Ƙyauren ɗakin girki ya yi ta ramewa har kyanwa ta daina neman izini, ta ƙasa take wucewa. Na ɗakin ajiya ya koma ana hango buhuna ta gefe. Da ya doshi na banɗaki Umma ta tsaya a gaba ta ce nan kam sai dai ya share ta. Yaya ya kawo masa guntayen katako, ya ƙi taɓawa, ya ce shi ba ya share katako don wasa. Sai Yaya ya koma bin inda ake rushe tsofaffin gidaje yana kwaso ƙyamare, ya jingina su a bango ya ce na mutane ne, suna jira. Auta ta mayar da ɗinkinta yamma, don kada safiya ɗaya ta wuce ta. Tana riƙe masa katako tana jin daɗi, tana kuma jin tsoro, don ta ga yadda hannunsa ke karkarwa.

Abin da take tsoro bai daɗe ba ya zo. Ya wasa wuƙa kamar kullum, ya ɗora a hannun hagu zai gwada, hannun dama ya kufce. Fatar tsoho ba ta da kauri. Kafin Auta ta yago ƙyalle jini ya jiƙa gaban rigarsa, shi kuwa yana kallon abin da mamaki, kamar a jikin wani yake. Ga shi da ciwon suga. Rauni ya ƙi warkewa, ya yi ruwa, ya kumbura har gwiwar hannu, aka yi ta zaryar asibiti ana wankewa ana naɗewa. Da ƙyar aka shawo kansa. Likita ya ja Yaya da Auta gefe ya ce musu wannan karon an yi sa'a. Idan ya sake yanka irin wannan, shi ba zai yi alkawarin hannun ba, wataƙila ma ba hannun kaɗai ba. Duk wani abu mai kaifi a raba shi da shi.

Suka ɓoye filen a saman sif ɗin Umma. Kwanakin da suka biyo baya Auta ba ta son tuna su. Baba ya yi ta zagaye gida yana ɗaga tabarmi, yana leƙa tukwane, bai ma san sunan abin da yake nema ba, hannunsa kawai ke yin alamar turawa. Ya daina cin abinci sosai. Wata rana ya kama zanen Umma ya ce don Allah idan ta ga matarsa ta gaya mata an yi masa sata.

A ɗakin ɗinkin Auta suka zauna su uku, aka tura ƙofa.

Yaya ya ce, "Ni na yi tunani. A ba shi abinsa, amma a kashe wuƙar. In kai wa mai walda ya rage mata tsawo ya dakushe bakin, ya ɗan liƙe ta yadda ba za ta zaru ba. Ya yi ta turawa, hankalinsa ya kwanta, mu ma namu ya kwanta."

Auta ta ce, "Yaya, zai gane fa."

"Mutumin da bai san ko ya ci abinci ba? Ga ido ya yi rauni. Ke dai, motsin hannun yake so."

"To in ya gane?"

"In ya gane ya zage mu, mu ba shi haƙuri. Kina da wata dabarar?"

Auta ta juya lissafin ta kowane gefe: a ba shi mai kaifi a rasa hannu, a hana shi a rasa shi gaba ɗaya. Suka dubi Umma. Ta daɗe tana murza bakin mayafinta, sannan ta ce, "Ni kaina ya ƙulle. Ku yi abin da kuka ga ya fi." Ba wanda ya yi wannan shawara da mugun nufi. So ne ya kai su, da rashin yadda za su yi.

Mai walda ya yi aiki mai kyau, in ka gani ba za ka ce an taɓa ba. Da safe Auta ta ɗora ƙyaure a kan tebur, ta ajiye filen a kai, ta je ta kamo hannun Baba. Yana hango shi fuskarsa ta washe. "Manaja, ashe ke kika ɓoye min shi. Za mu haɗu." Umma ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Yaya yana tsaye a bakin ƙofar gida, ya ɗaga wa Auta gira, wai kin gani.

Baba ya shafa katakon da tafin hannu, ya gyara tsayuwa, ya tura. Filen ya zame sumul har ƙarshe. Ba shuu, ba ɓawo.

Ya dawo da shi ya sake turawa. Ya ɗauki guntun katako ya ƙwanƙwasa bayan wuƙar, ya kanne ido ya leƙa, ya tura. Ya zagaya ɗaya gefen teburin ya gwada ta can. Ya danna da duk ƙarfinsa har jijiyoyin wuyansa suka tashi, har farin ƙyallen da ke hannunsa ya fara zamewa. Ya duba ƙasa wajen ƙafafunsa, siminti fes. Auta tana riƙe da gefen ƙyauren tana roƙon Allah a zuci ya ɗago ya ce wane mara kunyar ne ya taɓa masa kaya. Da ya zage su ranar, da ta yi rawa.

Bai zagi kowa ba. Ya kwantar da filen a gefensa a hankali, ya ɗaga hannayensa biyu ya zuba musu ido, ya juya bayansu, ya sake juyo cikinsu.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Ya ƙare."

"Me ya ƙare?"

"Hannun. Katako ya ƙi ni."

Nan take ta saki ƙyauren. "Baba, ba hannunka ba ne. Wallahi filen ɗin ne. Mu muka kai aka kashe wuƙar, ga Yaya nan ka tambaye shi."

Yaya ya taho da sauri yana cewa, "Ni ne, Baba, ni na kai wa mai walda, duba nan ka ga inda aka liƙe."

Baba ya dube su da tausayi, kamar yara ne suke masa ƙarya don ya ji sanyi. Ya ce, "Kul. Kada in sake jin kun ɗora wa ƙarfe laifi. Ban koya muku haka ba." Ya juya ya koma kujerarsa yana jan ƙafa.

Auta ta ba kanta haƙuri da cewa zuwa gobe ya manta. Mutumin da abin da aka faɗa masa yanzu ba ya kaiwa anjima, ai wannan ma zai zube. Sai ga shi duk abin da ya shiga kan nan ya fice, ban da wannan. Washegari ya wuce teburin ko kallo bai ishe shi ba.

Ba abin da ba su yi ba. Yaya ya ajiye mota ya karaɗe kasuwa har ya samo sabuwar wuƙa, ya kai wa wani tsohon abokin aikin Baba ya wasa ta ya ɗaura. Ya dawo ya tsaya a gaban Baba yana sharar ƙyaure a karkace da gangan, yana cin gefe ɗaya, irin ɓarnar da a da ko daga nesa Baba ya hango sai ya taso da faɗa. Baba ya kalle shi kamar mai kallon ruwan sama. Umma da kanta, matar da ta shekara tana kare ƙofofinta, ta riƙa kwara wa ƙyauren ɗakinsu ruwa don ya kumbura, sannan ta yi ta dukansa da kafaɗa tana cewa, "Gida da kafinta amma ƙofa ta gagari mutane." Ta faɗa ta sake faɗa. Baba ya matsar da ƙafarsa don ta sami hanya.

A ƙarshe Auta ta ce ita kam ta haƙura da maganar likita. In hannu ne ya tafi, ta ɗauki nauyin, ita dai a dawo mata da ubanta ko na safiya ɗaya. Ta ɗauko filen da sabuwar wuƙarsa tana walƙiya, ta durƙusa a gabansa, ta ɗora masa a cinya, ta kama yatsunsa ta jera su a kan mariƙin.

"Baba, ƙofar ɗakina ce take cijewa. Na rasa wanda zai duba min."

Ya ɗan riƙe shi jim. Sannan ya ɗaga da hannu biyu ya miƙo mata, cikin girmamawa.

"Ki yi haƙuri, baiwar Allah. Ki nemi kafinta. Akwai su nan bakin kasuwa, za su yi miki."

Ta karɓa, ta ce to, ta gode. Ya yi wata da watanni bayan nan kafin Allah ya karɓi abinsa. Ita ke ba shi abinci, ita ke yanke masa farce, kuma kullum da safe idan ta shigo sai ya gyara zama ya gaishe ta da ladabi, ya tambaye ta mutanen gidansu.